Wa Ya Ɓata Rijiyar Gidan Ango?

Isaka mai yasar rijiya bai taɓa shan ruwa da gaggawa ba. In aka miƙo masa moɗa, sai ya karɓa da hannu biyu, ya karkata ta wajen haske, ya sansana, ya kurɓi kaɗan ya riƙe a baki, sannan ya ɗago ido ya tambayi mai gida daga wace rijiya aka jawo, da wane guga, kuma wa ya jawo. Matan aure sun tsane shi a kan wannan hali, ba su kuma ɓoye ba. Mace ta sha rana ta ɗauko tulu a ka, ta wanke moɗa, ta durƙusa ta kawo wa baƙo, shi kuma ya tsaya yana leƙa ruwan kamar an ce masa akwai allura a ciki. Amma in rijiyar garinsu ta cushe, su ɗin ne ke matsa wa mazansu lamba a je a kira shi.

A Gidan Ango aka haife shi, wani ƙauye da ke cikin kwari, tafiyar rabin yini a ƙafa daga Tabotaki. Sana'ar gado ce. Ubansa Jima shi ke yashe rijiyoyin yankin tun zamanin Nasara, kuma shi ya fara ɗaura wa Isaka igiya a kugu ya zura shi ƙasa. Aikin na bazara ne, lokacin da ruwa ya ja baya, zafi ya kai mutum ya ji haushin rigarsa. Mai yasa yana sauka babu takalmi, ya tsaya cikin ruwa zuwa gwiwa, wani lokaci zuwa cinya, yana cika wasaki, wato gugan fata, da laka ana ja sama. Abin da ke fitowa daga gindin rijiya kuwa ba a magana: takalma, tsofaffin igiyoyi, moɗa, ludayi, mushen kaza, layun da wani ya jefa da nufin da shi kaɗai ya sani. Wanda ya shekara ashirin yana kwaso irin wannan kaya daga ruwan da mutane ke rantsuwa da tsabtarsa, ba abin mamaki ba ne in ya daina yarda da kowa.

Kafin a kai shekarar 1973, wadda fari ya cinye dabbobi ya watsa mutane, Jima ya rasu, Isaka ya gaji igiyar da jakin. Ƙanensa Iro, magidanci mai ƙarfin hannu da ƙarancin magana, shi ke riƙe masa igiya daga sama. Kowace bazara sukan yi zagaye: su fara da rijiyar gida, su gangara Galma, su shiga unguwannin Madawa, su hau Buza, wata shekara har Keita. Kowane gari Isaka yana da ƙarar da ya shigar a kansa. A faɗarsa, ruwan Madawa yana kusa da hannu shi ya sa mutanenta ba su ganin girmansa, sai su haƙa masai taku goma daga bakin rijiya. Na Buza ya ce nauyi gare shi, da zartsi, wake ma sai ya yi fushi kafin ya nuna a cikinsa. Na Galma daɗi, amma masu lambun albasa suna wanke gwangwanin maganin ƙwari a kusa da shi. Mutanen Keita kuwa, in ji shi, tabki ya lalata su. Ko rijiyoyin siminti da gwamnati ta fara ginawa bayan farin ba su tsira ba, ya ce bai san abin da aka dama simintin da shi ba. Wasu daga cikin zarge-zargen nan gaskiya ne, wasu kuwa baƙin hali ne kawai, sai dai ba wanda ya isa ya rarrabe su, don ba wanda ke sauka ƙasa sai shi.

Rijiya ɗaya ce tak ba ya aibatawa, ta Gidan Ango. Faffaɗa ce, ba ta da zurfi sosai, an jera mata duwatsu tun kakanni, ruwanta da sanyi da garɗi. Abin alfaharin garin shi ne ba ta taɓa ba kowa kurkunu ba. Wanda bai ga kurkunu ba ba zai gane girman wannan magana ba. Tsutsa ce fara, siririya, doguwa, mai zama a jikin mutum shiru har ranar da za ta tayar da bororo a ƙafa, wurin ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi, ta fasa ta leƙo. Daga nan sai haƙuri: a naɗe kanta a ɗan kara, kullum a murɗa kaɗan, wata guda, wata biyu. Mugun abin shi ne lokacin da take zaɓa. Sai ruwan shuka ya sauka, hauya na jiran hannu, sannan take kwantar da ƙato. Gidan da kurkunu ya shiga a farkon damina, rumbunsa ba ya ganin bazara. Jima ya koya wa ɗansa cewa daga ruwan tabki take, rijiya ba ta ba da ita, kuma Isaka ya riƙe wannan karatu kamar Fatiha.

A bazarar 1978, suna komowa daga Keita, gorar ruwansa ta faɗo daga kan jaki ta fashe. Iro ya riga ya yi gaba da kaya. Rana ta take tsaka, ba gari, ba bukka, maƙogwaro ya bushe har harshe na mannewa. A gefen hanya akwai ragowar wani tabki, kore-kore, duk sawun shanu. Isaka ya tsaya a kansa ya daɗe. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya tabbata ba mai ganinsa, ya durƙusa ya sha da tafin hannu har ya ƙoshi. Ya goge gemu ya bi jakinsa, bai faɗa wa kowa ba.

Shekara ta zagayo, bororo ya fito masa a idon sawun hagu. Yana gani ya san ko mene ne, kunya kuwa ta fi ciwon cinsa. Mutumin da ya raina ruwan garuruwa huɗu, a ce tsutsar tabki ta fito a ƙafarsa? Ai matan Madawa sai sun yi masa waƙa a bakin turmi. Matarsa Zinariya kaɗai ya nuna wa, ita ma don ba yadda zai yi, ita za ta riƙa murɗa masa karan.

"Ki rihe bakinki," in ji shi. "Kowa yat tambaya, gatari na yas sare ni."

"Gatari wane iri, Malam, kai da ko icce ba ka hwaskarewa?"

"To ƙaya ta. Ki dai rihe."

Ya ɗaure wurin da tsumma ya tafi aiki. A nan ya gano wani abu da ya ɗauka rahama ce: da zarar ƙafar ta shiga ruwan rijiya, zafin sai ya mutu murus. A sama yana ɗingishi yana cije leɓe, a ƙasa kuwa sai ya ji kamar an sake haihuwarsa. Don haka ya riƙa daɗewa. Aikin da yakan gama kafin azahar sai ya ja shi har la'asar, yana tsaye cikin sanyi yana kwasar lakar da ba ta kai a kwasa ba. Mutane suka ce Isaka ya ƙara himma. A shekarar kowace rijiya ta sha yabo.

Da damina ta gaba ta kama, mutum bakwai suka kwanta a Gidan Ango. Aka ce ƙaddara, wataƙila sun sha wani ruwa a kasuwa. Shekarar da ta biyo suka zama goma sha tara, har da tsofaffin da ba su taɓa fita garin ba, har da matar liman. Gonaki suka yi ciyawa. Mutane suka fara kallon juna ta wutsiyar ido, mace ta daina ba maƙwabciyarta aron tulu, kowa ya koma wanke gugansa a gaban jama'a don a shaida. Mai gari Bawa ya kira Isaka zaure.

"Kai as sanin ruwa," in ji mai gari. "Rijiyag ga tun kakanni ba ta cuci kowa ba. Mi as same ta?"

"Ranka shi daɗe, rijiya ba ta ɓata kanta. Hannu na. Ba ni kwana bakwai."

Ya shimfiɗa buzu a ƙarƙashin wata bagaruwa da ke kallon rijiyar, ya zauna daga hantsi zuwa faɗuwar rana, ƙafar hagu a naɗe a ƙarƙashin riga, don a shekarar ma tsutsar ta sake fito masa. Wannan bai dame shi ba, ya gaya wa kansa cewa ai shi ma ruwan yake sha, abin da ya kama jama'a ne ya kama shi. Ya zargi kowa bi da bi. Ya zargi mai kitso don tana wanke hannu kusa da bakin rijiya. Ya zargi mahauci. Ya zargi wani baƙon maƙeri da ya kwana biyu ya wuce. A rana ta biyar idonsa ya tsaya a kan Alhusaini.

Alhusaini ba ɗan asalin garin ba ne. A shekarar farin nan ya zo daga arewacin Keita da matarsa Dije da 'ya'ya uku da awaki biyar da suka rage masa, mai gari ya yanka masa gona a gefen tudu, inda dutse ya fi ƙasa yawa. Mutum ne mai sanyin murya, mai gaishe da kowa sau biyu. Shekara takwas yana sallah a sahun baya ba wanda ya taɓa jin kansa da wani. Wasaki ɗaya gare shi, na fata, da ya ɗinka da hannunsa. Da shi yake ɗibar wa awakinsa ruwa a ɗan tabkin bayan gari in damina ta cika shi, da shi kuma yake jan na sha a rijiya. Isaka ya bi shi a baya, ya gani da idonsa, ya koma gida zuciyarsa fari ƙal kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata.

Aka tara magidanta a ƙofar masallaci bayan la'asar. Isaka ya miƙe ya yi bayani dalla-dalla, yadda fata ke riƙe ruwan tabki a ɗinkinta, yadda igiya ke jiƙa, yadda duk wannan ke komawa cikin rijiya. Magana ce mai kan gado, duk wanda ya ji sai ya gyaɗa kai. Aka juya ga Alhusaini.

"Wallahi ban sani ba," in ji shi. "In wasakin na, ga shi, ku ƙone shi."

"Ba wasaki kaɗai ba," in ji Isaka. "Igiyassu, da tulunansu, da randa, duk sun sha. In ana son rijiya ta warke, gidanai shi ɗaga mata ƙahwa."

Ba wanda ya musa, don Isaka ne ya faɗa. Aka ƙone wasakin a wurin, aka yanke cewa ba wani daga gidan Alhusaini da zai ƙara zura igiya a rijiyar gari. Mafi kusa bayan ita tana wani ƙauye, tafiyar sa'a biyu zuwa, biyu komowa, hawa da gangara a kan tsakuwa. Daga ranar Dije da 'yarta babba suka zama su ne farkon fita gari da safe, tulu a ka, su ne kuma ake gani suna komowa rana tsaka leɓe a bushe, suna wucewa ta gaban rijiyar da mata ke hira a bakinta.

Isaka ya sauka ya yashe rijiyar sau biyu a bazarar da ta biyo baya don ya fitar da dattin Alhusaini. Ya tsaya a ciki yini guda cur.

Damina ta zo, mutum ashirin da shida suka kwanta.

Mai hankali zai ce a nan ya kamata a saki Alhusaini a nemi wani dalili. Amma garin da ya riga ya sami wanda zai ɗora wa laifi ba ya son komawa neman wani. Aka ce ai yana aiko 'ya'yansa a ɓoye. Da aka sa masu gadi ba a kama kowa ba, sai aka ce to ba a wasakin abin yake ba, a hannunsa yake. Aka daina gaisawa da shi hannu da hannu. Aka daina karɓar furar Dije, in ta aika da tuwon suna sai a zuba wa kaji. Isaka bai ce a yi haka ba, amma bai ce a bari ba, kuma ya san kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

Ana cikin haka labari ya fara zuwa daga garuruwan zagayensa. Wata rijiyar lambu a Galma ta ba da kurkunu. Wata tsohuwar rijiya a wata unguwa ta Madawa, wadda masu ita suka ƙi famfo saboda daɗinta, ta kwantar da gida huɗu. Haka wani ƙauye a gindin Buza. Ko ina aka kira Isaka ya duba, ko ina kuma ya samo mai laifi: can wani makiyayi, can wani majemi, can wata mai wanki. Sunansa ya ƙara tashi. Wata rana da hantsi Zinariya tana murɗa masa kara, kanta a sunkuye, ta ce:

"Malam, Alhusaini kam bai taɓa zuwa Galma ba."

"Wa yac ce ya tai?"

"Ba kowa. Na dai ga abin yana bin gari-gari. Ni kau ban san mai bin garuruwan ga duka ba in ba..."

"In ba wa?"

Ta ci gaba da murɗa. Ya kwana uku ba ya cin abincinta, har ya fara lura da inda take ajiye moɗa, yana tunanin ko Dije ce ta saye ta da wani abu.

A 1984 ruwa ya sake ƙin sauka. Gero ya tsaya a gwiwa ya bushe. Rijiyar ƙauyen da Dije ke zuwa ta ƙafe, masu ita suka ce ba su da na baƙi. Alhusaini ya je zauren mai gari ya durƙusa ya roƙi a bar wani ya riƙa jawo musu ko tulu ɗaya a yini, su ba za su taɓa igiya ba. Mai gari ya dubi Isaka. Isaka ya ce tulun fa, na wane gida ne? Bayan kwana biyu aka ga ƙofar Alhusaini a toshe da ƙaya. An ce sun yi Keita, inda aka buɗe wani babban aiki na gyaran ƙasa, ana ba masu ɗaukar dutse abinci.

Bazarar da ta biyo, tsutsar ta tsinke a cikin ƙafar Isaka. Garaje ya yi, yana son ya gama da ita kafin zagaye, ya ja da ƙarfi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya rufe shi, ya fara sambatu. Zinariya ba ta nemi izininsa ba, ta kira Iro suka ɗora shi a jaki zuwa wani ɗan asibiti da ke kan hanyar Buza. Ma'aikacin da ke wurin, wanda ake kira majo, wani saurayin magidanci ne mai suna Lurwanu. Ya tsaga wurin ya matse, ya yi masa allura, ya riƙe shi kwana tara. Da kumburin ya saɓe sai ga wata tsutsar ta leƙo a ɗaya ƙafar. Lurwanu ya duba tabon da ke ƙafafun biyu ya ƙirga.

"Baba, wagga ba ta hwarko ba ta. Shekara nawa?"

"Ƙaya ta," in ji Isaka.

"Shekara bakwai," in ji Zinariya daga bakin ƙofa.

"Mi kaka yi, Baba? Noma?"

"Yasar rijiya nika yi. Ka tambaya, daga nan har Madawa an san ni."

Lurwanu ya ajiye almakashin da ke hannunsa.  Sannan ya ɗauko wani kofin gilashi da butar ruwa mai sanyi, ya tara kofin a ƙarƙashin gyambon, ya tsiyaya ruwan a kan tsutsar. Ya ɗaga kofin wajen taga. A cikin ruwan wani abu fari-fari yana bazuwa, kamar an ɗiga nono.

"Kana gani? Ɗiyanta na, dubbai. Duk sa'ad da taj ji ruwa sai ta zuba su. Shi ya sa takan ƙona ƙahwa, don mutum shi kai ta ruwa. In sun shiga rijiya ko tabki, wasu 'yan ƙwari da ido ba ya gani sosai su haɗiye su, mutum shi sha, shekara guda ta hito mishi. Guga ba ya kawo ta, Baba, sai dai in an yi rashin sa'a ƙwarai. Ƙahwa ka kai ta."

Isaka ya dubi kofin, ya dubi butar, ya dubi yaron.

"Mi kas sa cikin ruwan?"

"Ban sa komi ba."

"Kohin ga, da mi anka wanke shi?"

Lurwanu bai ja da shi ba. Ya ce ya je gida ya gwada da nasa.

Haka kuwa ya yi. Ranar da suka koma, ya kori kowa daga tsakar gida, ya wanke baƙar ƙwarya da hannunsa sau uku, ya ɗebo ruwa a randar da ya yarda da ita, ya kwance tsumma ya zuba. Farin abin ya bazu a cikin ƙwaryar. Ya zubar ya sake, ya sake fitowa. Ya zauna da ƙwaryar a cinya, ya fara lissafa rijiyoyin da suka ɓaci, yana haɗa kowace da bazarar da ya tsaya a cikinta. Ya nemi ko guda ɗaya da ta ɓaci ba tare da ya taɓa shigarta ba, ya juya ƙasar nan kaf a cikin kansa, bai samu ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da gefen rijiya ya rufto masa a Madawa. Bayan tsoron sai baƙin ciki, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka, Zinariya na jinsa daga ɗaki ba ta fito ba.

Zai iya yin shiru. Majo ba ɗan garin ba ne, Zinariya ta riga ta nuna tana iya riƙe baki, Iro kuwa ko an tambaye shi ba ya amsawa. Zai iya cewa ƙafa ta hana shi aiki, ya daina sauka, cutar ta mutu da kanta, mutane su ce tafiyar Alhusaini ce ta yi magani. Kwana huɗu yana juya wannan dabara, kuma a gaskiya ta yi masa daɗi. A rana ta biyar ya dogara sanda ya tafi ƙofar masallaci bayan la'asar, ƙwarya a hannu. Ya kwance tsumman a gaban magidanta, ya nuna musu tabo bakwai, ya zuba ruwa suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi tabkin hanyar Keita, ya faɗi ƙayar ƙarya, ya faɗi sunan Alhusaini sau uku.

Ba a zage shi ba, da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Wani dattijo da ya rasa noman shekara uku ya tofar da yawu ya tashi. Wani ya ce wa ya sani ko wannan ma wata dabara ce. Mai gari ya ce a riƙa tace ruwa da ƙyalle kamar yadda majo ya faɗa, kuma kada mai gyambo ya ƙara matsar rijiya, ko waye ubansa. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi Isaka ba, wanda ya kori mutum shi ya san hanyar da zai bi ya komo da shi.

Sai da aka yi girbi ƙafar ta iya ɗaukar tafiya. Ya hau jaki ya nufi Keita shi kaɗai. A bayan garin ya tarar da tudu guda cike da mata, ɗaruruwa, kowace da dutse a ka, suna jera su layi-layi don tare ruwan sama. Ya yi ta tambaya har aka nuna masa Dije. Ta rame, ta yi baƙi, gammo a ka. Ta gane shi tun daga nesa, ta sauke dutsenta ta tsaya.

"Sannu da aiki, Dije."

"Sannu, Malam Isaka. Rijiyarmu ta nan kuma munka ɓata?"

Ya ce mata ba wannan ya kawo shi ba. Ya faɗa mata duka, a tsaye, cikin rana, mata na wucewa ta gefensu. Ya ce ya faɗa a ƙofar masallaci, inda ya faɗi ta farko. Ya ce gonarsu tana nan, ɗakinsu zai gyara da hannunsa, mai gari ya ce su komo. Ya ce ta kai shi wurin Alhusaini ya durƙusa masa.

Dije ta saurara har ya gama. Ta cire gammon ta riƙe a hannu.

"Malam ya rasu watan azumi."

Isaka ya yi salati. Ya buɗe baki zai yi ta'aziyya, ta ɗaga hannu.

"Tsaya ka ji, tunda ka zo. Ni ban taɓa yarda da maganakka ba, ko rana guda. Amma shi ya yarda. Yac ce Isaka ya san ruwa, ba ya yi mishi ƙarya, wataƙila wani abu na Allah Yas sa ma hannunai. Tun da munka zo nan bai taɓa guga ba. Bai taɓa randa ba. Moɗatai daban, can bakin danga. Autarmu tana zazzaɓi tana kiran Baba ruwa, yana zamne kusa da tulu, sai dai shi tashi shi hita neman wanda za ya ba ta. Ranar da za ya cika, yac ce mani in an zo wankanai a kai ruwan nesa da gari a zubar, kada a cuci mutane."

Ta mayar da gammon a ka, ta sunkuya ta ɗauki dutsenta.

"Mun kai shi nesa," in ji ta. "Ni da ɗiyata munka ɗauka."